Tsohon Masarrafi da Sabo: Kwatanta Pentium 4 da EPYC

Gabatarwa

Wannan takarda za ta kwatanta abubuwa biyu masu aiki iri ɗaya a cikin kwamfuta, waɗanda shekara 18 ke tsakaninsu. Na farko shi ne Pentium 4 mai lamba 570J, wanda kamfanin Intel na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2004 domin kwamfutar tebur, wato irin wadda ake girkewa a ofis ko a shagon buga takardu. Na biyu shi ne EPYC mai lamba 9654, wanda kamfanin AMD, shi ma na Amurka, ya fitar a watan Nuwamba na 2022 domin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet.

Wata lamba ce ta sa muka zaɓi waɗannan biyun. A shekarun 2000, duk wanda ya je sayen kwamfuta, sabuwa ko ta gwanjo, tambayar da yake fara yi ita ce: gigahaz nawa ce? To, Pentium 4 ɗin nan yana gudu a kan gigahaz 3.8. Shi kuwa EPYC, gudunsa na yau da kullum 2.4 ne, in ya ƙure ƙarfinsa ya taɓa 3.7. Wanda ya tsaya a kan wannan lamba zai ce ci gaban mai haƙar rijiya aka yi. Alhali kuwa akwai aikin da EPYC zai gama cikin minti ɗaya, tsohon ya shafe sa'o'i bai kai ƙarshensa ba. Yadda haka ke yiwuwa shi ne abin da za mu bi daki-daki.

Kafin nan, bari mu daidaita kalmomi. Abin da ke yin lissafi da zartar da umarni a cikin kwamfuta za mu kira shi masarrafi, jam'insa masarrafai. An samo sunan ne daga aikatau sarrafa, bisa tsarin da ya ba mu mabuɗi daga buɗe, da magirbi daga girba. Wasu kan ce masa ƙwaƙwalwar kwamfuta. Mun kauce wa wannan suna ne domin ƙwaƙwalwar mutum tana tunani kuma tana riƙe abu, ita kuwa kwamfuta ta raba ayyukan biyu: masarrafi ya yi lissafi, wani sashe dabam ya riƙe bayanan da ake aiki a kansu. Wannan sashe na biyu shi za mu kira ma'adana. Babbar kwamfutar da ke zaune a wani gini tana amsa buƙatun dubban ƙananan kwamfutoci da wayoyi kuwa, masu fassara sun raɗa mata uwar garke, kuma sunan ya dace da ita.

Abin da gigahaz ke aunawa

A cikin kowane masarrafi akwai wani abu mai bugawa a kai a kai, kamar agogo. Kowane bugu alama ce ga dukkan sassan masarrafin cewa su yi taku ɗaya. Gigahaz 1 na nufin bugu biliyan 1 a daƙiƙa guda, ko miliyar 1 kamar yadda ake faɗi a Nijar. Ke nan Pentium 4 ɗinmu yana bugu biliyan 3 da miliyan 800 a kowace daƙiƙa. Tsakanin bugu da bugu, haske kansa ba ya wuce tafiyar santimita 8.

Mai karatu ya tuna da gangar noma a wurin gayya. Makaɗi yana kaɗawa, manoma suna sara bisa kiɗan. Saurin kiɗan abu ɗaya ne. Yawan ƙasar da garma ke juyawa a kowane sara wani abu ne dabam, haka ma yawan manoman da suka amsa gayyar. Wanda aka gaya wa saurin gangar kawai ba zai iya faɗin kunya nawa aka yi kafin azahar ba. Gigahaz saurin ganga ne. Sauran abubuwan biyu ba su cikin lambar.

Intel ya gina Pentium 4 ne domin ganga ta yi sauri. Na farkonsu ya fito a watan Nuwamba na 2000 da gigahaz 1.4 da 1.5, kuma kamfanin ya yi hasashen cewa wannan tsari zai kai gigahaz 10. Dabarar ita ce a yanyanka aikin kowane umarni zuwa ƙananan matakai, a jera su. Misalinsa kamar masu miƙa wa magini tubali ne daga ƙasa zuwa kan bango. Idan mutanen da ke jerin suna da yawa, kowa ɗan juyi kaɗan zai yi ya miƙa wa na gaba, saboda haka ana iya hanzarta kiɗan. Pentium 4 na farko yana da matakai 20 a jerinsa. Samfurin 2004, wanda ake kira Prescott, kuma shi ne namu, yana da 31.

Ga inda matsalar take. Manhajar kwamfuta cike take da mararraba: idan kaza ya faru a yi kaza, idan bai faru ba a yi wani abu. Masarrafi ba ya tsayawa jiran amsa, sai ya cinka hanyar da za a bi, ya ci gaba da cika jerin da tubali. Idan cinkensa ya yi daidai, an ci riba. Idan ya kuskure, duk abin da ke hannun mutanen jerin sai a zubar, a sake daga ƙasa. Jeri mai tsawo asararsa ta fi yawa. A nan ne sauri ya haifi nawa.

Tun a wancan lokaci abin ya fito fili. A 2003 AMD ya fitar da Athlon 64 mai gudu a kan gigahaz 2 kacal, amma ya rubuta masa lamba 3200+, domin ya nuna wa masu saye cewa yana kafaɗa da kafaɗa da Pentium 4 mai gigahaz 3.2. A ayyuka da dama, musamman wasannin kwamfuta, haka abin yake.

Shi kuwa EPYC 9654, jerinsa bai kai na Prescott tsawo ba, cinkensa ya fi dacewa nesa ba kusa ba, kuma garmarsa ta fi faɗi. Pentium 4 yana iya tura ƙananan umarni 3 a bugu ɗaya, idan komai ya tafi daidai. Kowane sashen lissafi na EPYC yana iya tura 6. Haka kuma akwai irin umarnin da ke haɗa lambobi da yawa a tare: na Pentium 4 yana ɗaukar lambobi 4, na EPYC yana ɗaukar 16 masu girma ɗaya. Saboda haka, ko da a ce an kashe duk sauran sassan EPYC aka bar ɗaya tak, wannan ɗayan zai ninka tsohon sau da dama.

Zafi

Me ya hana a ci gaba da ƙara saurin bugun? Zafi ne. Masarrafi an yi shi ne da ƙananan makunnai na lantarki da ake kira tiransista, kuma duk lokacin da makunni ya buɗe ko ya rufe yana cin wuta, wutar kuma tana komawa zafi. Idan aka ninka bugu, cin wutar ya ninka. Abin da ya fi haka muni shi ne, domin makunnan su iya bin bugu mai sauri, sai an ƙara ƙarfin turin wutar, wanda ake aunawa da bolt. Shi kuma idan aka ninka shi sau 2, cin wutar sau 4 yake ninkuwa.

Shekaru da yawa injiniyoyi suna da mafita. A 1974 Robert Dennard na kamfanin IBM da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka ƙanƙantar da tiransista, ana iya rage turin wutar da yake buƙata, ta yadda za a ƙara yawansu da saurinsu ba tare da zafin ya ƙaru ba. Wannan ƙa'ida ta yi aiki kusan shekara 30. Wajen tsakiyar shekarun 2000 sai ta tsaya, domin makunnan sun ƙanƙance har wuta tana yoyo ta cikinsu ko suna rufe.

Pentium 4 570J ya zo ne daidai wannan gaɓa. An ƙiyasta zafin da yake fitarwa a kan wat 115, daga ɗan falle da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Wanda ya taɓa kai hannu kusa da tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 zai fahimci abin da ake nufi. Waɗanda suka zauna a shagunan intanet na wancan zamani a lokacin bazara za su tuna ƙugin fankar da ke cikin akwatin. A watan Mayu na 2004 Intel ya soke magajin Prescott da yake shiryawa, mai suna Tejas. A watan Oktoba na shekarar ya soke Pentium 4 mai gigahaz 4 da ya yi alkawari. Ba a taɓa sayar da Pentium 4 da ya wuce 3.8 ba. Sai a 2023 aka sami masarrafin tebur na Intel da ke taɓa gigahaz 6 daga masana'anta, wato cikin kusan shekara 20 lambar ba ta ko ninka sau 2 ba.

Sarkin yawa

Da hanyar sauri ta toshe, sai aka koma hanyar yawa. Tiransista dai sun ci gaba da ƙanƙancewa, don haka akwai wurin zuba ƙarin sassa. Maimakon sashen lissafi ɗaya mai gudun tsiya, sai a sa biyu masu matsakaicin gudu a cikin masarrafi guda. Kowane cikakken sashen lissafi irin wannan za mu kira shi cibiya. Masu cibiya 2 na tebur sun fito a 2005, sannan a 2006 Intel ya fitar da Core 2 Duo, wanda ke gudu ƙasa da gigahaz 3 amma ya bar Pentium 4 a baya, da ƙarancin zafi kuma.

Pentium 4 570J cibiya 1 gare shi, da tiransista miliyan 125. EPYC 9654 yana da cibiyoyi 96, da tiransista wajen biliyan 90, wato ninki 700 da ƴan kai. Ba falle ɗaya ba ne ma. A ƙarƙashin murfinsa akwai ƙananan falle 12, kowanne da cibiyoyi 8, sun kewaye wani babba na 13 wanda aikinsa shi ne sada su da juna da kuma ma'adana. Hikimar rarrabawar ita ce, idan aka sami aibi wajen ƙira, ɗan ƙaramin falle ake yarwa, ba duka ba. Kamfanin TSMC na Taiwan ne ya ƙera su, domin AMD ya rabu da masana'antunsa tun 2009.

A kan rubuta cewa an ƙera Prescott da fasahar nanomita 90, cibiyoyin EPYC kuma da ta nanomita 5. Ɗalibi ya yi hattara da lamba ta biyun. A da, lambar tana da dangantaka da ainihin girman wani ɓangare na tiransista. Daga baya ta zama sunan kasuwa kawai, mai nuna cewa wannan zubi ya fi na baya ƙanƙanta.

Yanzu za a gane dalilin 2.4. An ƙiyasta wa EPYC ɗin nan wat 360. Idan aka raba wa cibiyoyi 96, kowacce ba ta samun ko wat 4, alhali cibiyar Pentium 4 ita kaɗai tana shan 115. Da za a ce kowacce ta ci kamar tsohuwar, da an doshi wat 11,000, kuma babu fankar da za ta iya da wannan. Saboda haka da gangan aka sassauta kiɗan domin jama'a da yawa su iya aiki a inuwa ɗaya.

Akwai wata dabara da su biyun suka yi tarayya a kanta. Cibiya takan tsaya jiran bayani ya iso, kuma a lokacin jiran tana zaune ne kawai. Sai aka ba kowace cibiya ayyuka biyu a hannu, in ɗaya ya tsaya ɗayan ya shiga. Kamar lugude ne: mata biyu, turmi ɗaya, taɓaryar wannan tana sauka yayin da ta waccan ke sama. Dakan yana ƙara sauri, amma ba ya kai na turmi biyu. Intel ya kawo wannan dabara cikin Pentium 4 a 2002. Da ita tsohon ke riƙe ayyuka 2 a lokaci guda, EPYC kuma 192.

Ɗiban ruwa

Wannan ɓangare masu saye ba su cika tambaya a kansa ba, kuma a ganinmu nan ne tazarar ta fi ban mamaki. Masarrafi ya fi ma'adana sauri ƙwarai. Idan ya nemi wani bayani daga can, sai ya yi jiran bugu ɗari biyu ko uku, wani lokaci fiye, kafin ya iso. Ma'adana ke nan kamar rijiya ce a bayan gari. Maganin shi ne a ajiye randa a cikin ɗaki, wato wata ƴar ƙaramar ma'ajiya mai sauri a jikin masarrafin kansa, inda ake zuba abin da ake yawan buƙata.

Randar Pentium 4 570J megabayit 1 ce. A EPYC 9654 kowace cibiya tana da tata randar mai megabayit 1, sannan akwai wata babba mai megabayit 384 a jimlace, wadda aka rarraba wa falle-fallen 12. Yawancin kwamfutocin tebur na 2004 ana sayar da su ne da ma'adana mai megabayit 256 ko 512. Wato randar sabon ta kai girman rijiyar tsohon.

Hanyar zuwa rijiyar ma ta bambanta. Pentium 4 yana da hanya ɗaya, wadda ke bi ta wani falle dabam a kan babban allon kwamfutar, kuma iyakar abin da take ɗauka gigabayit 6.4 ne a daƙiƙa. EPYC yana da hanyoyi 12 da ke fita kai tsaye daga jikinsa, suna ɗaukar gigabayit 460 a daƙiƙa, ninki 72 ke nan. Sai dai a lura da abu ɗaya: nisan rijiyar bai ragu sosai ba. Lokacin da tulu ɗaya ke ɗauka kafin ya iso yana nan kusan yadda yake a da. Masu ɗibar ne suka ƙaru.

Game da yawan ma'adanar da kowanne zai iya riƙewa, 570J masarrafi ne mai bit 32, kuma da Windows XP na lokacin ba a wuce gigabayit 4. EPYC 9654 yana iya riƙe har terabayit 6, wato gigabayit 6,000 da ɗoriya.

Aikin da aka yi kowanne dominsa

Kwamfutar tebur mutum ɗaya take yi wa hidima. Ya kunna ta da safe, ya kashe da yamma, in ta daskare ya sake kunnawa. Uwar garke kuwa ba ta barci, kuma idan ta yi kuskure mutane da yawa ne za su ji a jikinsu, kamar a ce lissafin banki take riƙe da shi. Shi ya sa ma'adanar da ake haɗa EPYC da ita take ɗauke da ƙarin lambobin bincike, waɗanda ke gano bit ɗin da ya juye bisa kuskure su gyara shi nan take. Kwamfutocin tebur na gama-gari ba su da wannan. Bugu da ƙari, an gina EPYC ta yadda za a iya yanka shi gida-gida, a ba wannan kamfani hayar cibiyoyi 4, wancan 16, kowa yana ganin kamar kwamfutarsa ce shi kaɗai, kuma ba mai iya leƙa bayanan wani. Ana ma iya dasa guda 2 a allo ɗaya, a sami cibiyoyi 192. Kuɗinsu ma ya nuna bambancin: an sa wa Pentium 4 570J dala 600 da ƴan kai lokacin fitowarsa, EPYC 9654 kuwa dala 11,805.

To, ko wannan na nufin duk aikin da aka ba EPYC zai ninka saurinsa sau 96? A'a. Noman gona ana iya raba shi: kowa ya kama kunyarsa. Haƙar rijiya ba haka take ba. Mutum ɗaya ne ke shiga ƙasan ramin, kuma ba a haƙa gaba ta biyar sai an gama ta huɗu. Ko an tara mutum 96 a bakin rijiyar, sauran sai dai su ja guga su zubar da ƙasa. Gene Amdahl ya bayyana wannan iyaka tun 1967. Alal misali, idan kashi 1 cikin 10 na wani aiki ba ya rabuwa, cibiyoyi 96 za su hanzarta shi ne ninki 9 da ɗan abu kawai, kuma ko an kawo cibiya 1,000 ba za a kai ninki 10 ba.

Aikin uwar garke irin na gona ne. Mutum dubu sun aiko da saƙo, kowane saƙo zaman kansa yake, sai a rarraba wa cibiyoyi. Yawancin abin da mutum ɗaya ke yi a gaban teburinsa, kamar buga wasiƙa ko buɗe shafi, ya fi kama da rijiya. A irin wannan aiki, masarrafin tebur na zamani mai cibiyoyi 6 ko 8, wanda ke haura gigahaz 5, yakan riga EPYC gamawa, a kan kuɗi kaɗan da wuta kaɗan.

A nan akwai abin lura ga mai nazarin harshe. Jimlar kwatanci a Hausa takan ɗauki aikatau fi, sannan a ambaci abin da aka yi fifikon a kansa: Audu ya fi Bala tsawo. Da tsawo magana ta ƙare, domin ma'auninsa ɗaya ne. Amma idan aka ce wannan masarrafi ya fi wancan sauri, kalmar sauri tana ɗauke da ma'ana uku: saurin bugu, saurin gama aiki ɗaya, da yawan ayyukan da ake gamawa cikin sa'a. Pentium 4 570J ya fi EPYC 9654 a ma'ana ta farko kaɗai. Mai fassara ko mai rubutu ya kamata ya faɗi wadda yake nufi.

Wani zai tambaya ko ana iya cire tsohon a dasa sabon a gurbinsa. Ba ya yiwuwa. Gurbin Pentium 4 570J yana da ƴan ƙusoshin sadarwa 775, na EPYC 9654 yana da 6,096, kuma allo da ma'adana da na'urar ba da wuta duk sai an sauya. Tsohuwar kwamfutar da ke da sauran rai tana iya buga takarda har gobe, amma Windows 11, wanda ya fito a 2021, ba ya hawa masarrafi mai bit 32, kuma wayar hannu mai matsakaicin kuɗi ta fi ta aiki da wutar da ba ta kai wat 10 ba.

Shi ma EPYC 9654 an riga an yi masa ƙane. A watan Oktoba na 2024 AMD ya fitar da EPYC 9965 mai cibiyoyi 192 da wat 500. Gudunsa na yau da kullum gigahaz 2.25 ne, ƙasa da na yayansa.